Gurbi ɗaya, ɗalibai arba'in: tarihin wata tsohuwar matsala a rumbun bayanai

Duk makarantar da ta ajiye rajistar takarda ta koma kwamfuta, to sunayen ɗalibanta da makinsu da lambobin wayar iyayensu suna zaune ne cikin abin da ake kira rumbun bayanai. Galibin rumbunan nan da harshe ɗaya ake yi musu magana, sunansa SQL, wanda ya haura shekara 50 a duniya, kuma yana da ma'auni na ƙasa da ƙasa tun 1987. Amma akwai wata ƴar buƙata da kowane malami ya sani, wato ya ce: ga jerin lambobin ɗalibai arba'in, a ba ni sakamakonsu. Har yau babu hanya ɗaya mai sauƙi ta miƙa wannan jerin wadda za ta yi aiki a duka manyan rumbuna ba tare da an taɓa ta ba. Yadda aka kai ga haka ya shafi malamai da iyaye ta fuska biyu: tsaron bayanan yara, da kuma ƴancin makaranta ta rabu da wata manhaja ta koma wata ba tare da ta yi asarar rajistarta ba.

Dokar abu guda a gurbi guda

Mafarin labarin wani Baturen Ingila ne mai suna Edgar Codd, wanda aka haifa a 1923, ya karanta lissafi a Okisfod, ya tuƙa jirgin sama a yaƙin duniya na biyu, sannan ya kama aiki da kamfanin IBM a Amurka. A zamaninsa, wanda ke son ciro bayani daga kwamfuta sai ya san hanyar da aka bi aka ajiye shi, ya bi ta lungu-lungu, kamar mai neman gida a unguwar da ba lamba. In an sake tsarin ajiyar, to duk manhajojin da suka dogara da shi sai an sake rubuta su. A watan Yuni 1970 Codd ya fitar da wata maƙala daga ɗakin binciken IBM da ke San Hose a jihar Kaliforniya, inda ya ce a zuba bayanai cikin jadawali mai layuka da ginshiƙai, mai tambaya ya faɗi abin da yake so kawai, na'ura ta nemo hanyar da kanta.

Cikin sharuɗɗan da ya kafa akwai wanda ya zama tushen matsalarmu: kowane gurbi na jadawali abu guda zai ɗauka, lamba ɗaya ko suna ɗaya ko kwanan wata ɗaya. Idan ɗalibi yana da darasi tara, ba a cusa darussan tara a gurbi guda. Sai a buɗe wani jadawalin a ba shi layi tara. Malamin da ya taɓa cika rajistar aji ya san hikimar wannan, domin da zarar an rubuta maki uku a gida ɗaya, haɗa jimla ya zama aiki. Sai dai ma'anar dokar ita ce, a wannan tsari jeri ba ya cikin abubuwan da ake miƙawa hannu da hannu. Jeri jadawali ne, kuma jadawali a cikin rumbu yake zama.

A 1974 wasu ma'aikatan IBM biyu, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, suka tsara harshen da zai sa ra'ayin Codd ya yi aiki, suka kira shi SEQUEL. Boyce ya rasu a wannan shekarar yana ɗan saurayi, bai kai talatin ba. Daga baya aka taƙaita sunan ya koma SQL saboda wani kamfanin jiragen sama na Ingila ya riga ya yi rajistar wancan suna. Wani ƙaramin kamfani, wanda yau aka sani da Oracle, ya riga IBM shiga kasuwa da rumbun SQL a 1979. IBM ya biyo baya da SQL/DS a 1981 da DB2 a 1983. Tun a wancan lokaci harshen yana da kalmar IN, wadda da ita ake cewa: fito da ɗaliban da lambarsu tana cikin 12, 27, 40. Muddin mutum ne ke zaune yana buga lambobin da hannunsa, babu wata damuwa.

Zuwan gurbin tambaya

Damuwar ta taso ne lokacin da manhaja ta shiga tsakanin mutum da rumbu. Uban da ke duba sakamakon BEPC ko Bak a waya ba ya rubuta SQL; lambar tebur yake bugawa cikin wani ɗan akwati, manhaja ta ɗauki lambar ta haɗa tambaya ta aika. Hanya biyu ake haɗa wannan tambaya. Ta farko, a liƙa abin da mutum ya buga cikin jimlar umarni, a aika su a cakuɗe. Ta biyu, a fara aika jimlar da gurbi a buɗe, galibi alamar tambaya ce ke tsaye a wurin, rumbu ya karanta ta ya shirya yadda zai yi aikin, sannan a aiko da lambar daban ta shiga gurbin. Hanya ta biyu tamkar fom ce da aka riga aka buga: duk abin da ka rubuta a kan layin suna, suna za a ɗauke shi, ko da ka rubuta umarni ne ga magatakarda.

Ma'aunin SQL na 1992 ya tanadi wannan gurbi, haka ma ODBC da Microsoft ya fitar a shekarar, da JDBC na harshen Java a 1997. Amma gurbin ya gaji dokar Codd: gurbi ɗaya, abu ɗaya. Idan mai manhaja ya zuba 12, 27, 40 a gurbi guda, rumbu zai ɗauka rubutu ɗaya ne dogo, ya tafi neman ɗalibin da lambarsa ita ce wannan rubutun gaba ɗaya, ya dawo hannu wofi ko ya ce an yi kuskure. Ga shi kuma tsawon jeri ba ya tsayawa: yau ɗalibai uku, gobe aji guda, jibi duk ƴan takarar wata cibiyar jarrabawa.

Ko siffar gurbin ma ba a daidaita a kanta ba. MySQL alamar tambaya yake karɓa, PostgreSQL yana son $1 da $2, Oracle yana son a sa ɗigo biyu gaban suna ko lamba, SQL Server kuma alamar @. A 1999, da masu harshen Python suka zauna rubuta ƙa'idar magana da rumbuna, sai suka amince da salon gurbi har biyar, kowane direban rumbu ya zaɓi nasa.

Ma'aunin da ba mai duba shi

Hukumar ma'auni ta Amurka, ANSI, ta fitar da ma'aunin SQL na farko a 1986, hukumar duniya ISO ta karɓe shi a 1987. Ya kamata a lura da jerin shekarun: kamfanoni sun riga sun shekara bakwai suna sayar da kayansu kafin ma'auni ya iso, kowanne da ɗabi'un da abokan cinikinsa suka saba da su. Ma'aunin farko ɗan siriri ne, ya tattara abin da aka riga aka yarda da shi, ya bar sauran. Na 1992 ya yi kauri har ya haura shafi 500, aka kuma raba shi hawa uku, kamfani ya cika hawan farko kawai ya ce ya bi ma'auni.

A wancan lokacin akwai mai sa ido. Cibiyar NIST ta gwamnatin Amurka tana gwada rumbuna ta ba su shaida, kuma ma'aikatun gwamnati suna neman wannan shaidar kafin su saya. A 1996 cibiyar ta daina wannan gwaji. Tun daga nan kowane kamfani shi ke faɗin iya inda ya bi ma'auni. Wanda ya san kasuwar hatsi ya san abin da ke faruwa in ba mai duba tiya: sunan ɗaya ne a ko'ina, amma abin da ke shiga buhu ya danganta da kasuwar da ka auna.

Bayan shekara uku da rufe gwajin, ma'aunin 1999 ya kawo abin da ya kamata ya warware matsalar jeri. Ya ƙirƙiro wani nau'in abu mai suna ARRAY, wato ƙunshi: lambobi da yawa a ɗaure wuri ɗaya, ana miƙa su a gurbi guda, sannan kalmar UNNEST ta kwance ƙunshin ya koma layuka. Wannan sassauci ne babba ga dokar Codd. Sai dai an sa ƙunshin cikin abubuwan ganin dama, ba cikin na dole ba, kuma babu sauran mai tilasta wa kowa.

Kowa da hanyarsa

PostgreSQL, wanda ya samo asali daga binciken Michael Stonebraker a jami'ar Bakili tun 1986, ya daɗe da ƙunshi, kuma masu aiki da shi sun saba miƙa jeri a gurbi ɗaya ta kalmar ANY, da wani salo nasa na kansa. Oracle yana da nasa nau'in tarin abubuwa da nasa kalmomin kwance su. Microsoft bai ɗauki ƙunshi ba. A SQL Server na 2008 sai ya ba da damar a miƙa ɗan ƙaramin jadawali sukutum a matsayin gurbi, abin da ya fi kusa da tunanin Codd amma ba ya aiki a wani rumbun. MySQL ba shi da ginshiƙin ƙunshi. Haka ma SQLite, ɗan ƙaramin rumbun da Richard Hipp ya rubuta a 2000, wanda ke cikin kowace wayar Android da iPhone da ke hannun jama'a.

Da yake babu hanyar da ta game kowa, sai masu manhaja suka koma ga dabara: a ƙirga abin da ke cikin jerin, a jera alamun tambaya daidai adadinsa. Ɗalibai arba'in, gurbi arba'in. Wannan ita ce hanyar da ta fi yawo tsakanin rumbuna, amma tana cin karo da katangu, kuma kowane rumbu da inda ya gina tasa. Oracle ya daɗe ba ya karɓar fiye da abu 1000 a jerin IN ɗaya, sai a fitowarsa ta 23 ya ɗaga iyakar zuwa 65,535. SQL Server yana tsayawa a gurbi 2100. SQLite yana tsayawa a 999 har zuwa 2020, lokacin da aka ɗaga shi zuwa 32,766. PostgreSQL da MySQL suna kaiwa 65,535. Ke nan manhajar da aka gwada da aji ɗaya ta yi lafiya lau tana iya tsayawa cik ranar da aka ba ta jerin ƴan takarar jiha guda, wato ranar da aka fi buƙatarta.

Akwai kuma ƙananan tarkuna. Idan jerin ya zo wofi, kamar a ce yau babu wanda ya yi fashin makaranta, ma'auni bai yarda da IN marar komai ba. SQLite yana haƙuri ya wuce, sauran manyan rumbuna su ce kuskure ne. Idan kuma aka ce fito da waɗanda ba sa cikin jerin, alhali gurbi ɗaya a jerin an bar shi ba a cika ba, to rumbu ba zai fito da kowa ba, kuma ba zai yi ƙorafi ba. Darakta na iya duba allo ya ga babu wanda ake bi kuɗin makaranta, alhali rabin aji ba su biya ba.

Malaman da suka yi aiki da Moodle, manhajar koyarwa da Martin Dougiamas ya fitar a Ostareliya a 2002, suna cin moriyar wannan dabara ba tare da sun gan ta ba. Da yake Moodle na hawa kan rumbuna iri-iri, masu shi sun ware wani aiki na musamman a cikinsa wanda ke karɓar jeri ya gina gurabun da suka dace da shi, ya kuma tilasta wa mai rubutu ya yi tunanin abin da za a yi in jerin wofi ne. Abin da ma'auni ya bari, manhaja ce ke ɗaukar nauyinsa.

Inda bango ya tsage

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai manhaja da ya saba amfani da gurbi ga lamba ɗaya, in ya zo kan jeri ya ga gurbi ya ƙi, abin da ya fi sauƙi a gare shi shi ne ya koma hanyar farko, ya liƙa lambobin cikin jimlar umarni. Daga nan duk wanda ya iya cusa rubutu cikin jerin ya samu damar cusa umarni. Wani masanin tsaro mai suna Jeff Forristal ya yi bayanin wannan kutse a fili a mujallar Phrack a watan Disamba 1998, kuma har yau bai gushe ba.

A 2007 mai zanen barkwanci Randall Munroe ya zana wata uwa da ta raɗa wa ɗanta suna mai ɗauke da umarnin goge jadawalin ɗalibai, makaranta ta shigar da sunan a kwamfuta, rajistar shekara ta ɓace. Raha ce, amma abin da ya biyo baya ba raha ba ne. A 2008 aka shiga kamfanin Heartland na Amurka ta wannan ƙofa, aka kwashi bayanan katin banki kusan miliyan 130. A watan Oktoba 2015 aka shiga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Ingila, aka taɓa bayanan mutum 156,959, hukuma ta ci shi tarar fam 400,000. Bayan wata guda aka shiga VTech, kamfanin Hon Kon mai yin kayan wasan koyo na yara, inda bayanan yara kusan miliyan 6.4 da na iyaye kusan miliyan 5 suka fita, har da sunaye da ranakun haihuwa. A 2023 kuma kutsen da aka yi wa manhajar aika fayil ta MOVEit ya taɓa ɗaliban makarantu kusan 900 a Amurka ta hanyar wata cibiya da ke riƙe musu rajista. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan da nasa labarin, amma tsagar iri ɗaya ce: rubutun da ya fito daga waje ya gauraya da umarni.

A nan akwai alamar da mu Hausawa muka fi kowa saurin ganewa. A harshen SQL, ƴar alamar nan ta sama da muke sa wa a Sa'adu da Mu'azu da A'isha da Isma'ila ita ce ke buɗe rubutu ta rufe shi. Manhajar da ke liƙa suna cikin umarni, in ta iso kan Sa'adu sai ta ɗauka sunan ya ƙare a Sa, sauran kuma umarni ne da ba ta gane ba. Saboda haka idan manhajar makaranta ta rikice a kan irin waɗannan sunaye, ko aka ce wa malami ya riƙa cire alamar don a zauna lafiya, to dalili ne na a kira wanda ya rubuta ta a yi masa tambaya. Manhajar da ke amfani da gurbi yadda ya kamata ba ruwanta da alamar da ke cikin suna.

Ƙaura da tsadarta

Fuska ta biyu ita ce ƙaura. Rumbuna suna canza hannu, farashi yana canzawa. Kamfanin Sun ya sayi MySQL a 2008, Oracle ya sayi Sun a 2010, kuma tsakanin nan Michael Widenius, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro MySQL, ya ɓalle ya kafa MariaDB. A watan Oktoba 2019 Amazon ya sanar da cewa sashensa na ciniki ya gama kwashe bayanai daga rumbunan Oracle kusan 7500, aikin da ya ci shekaru duk da ƙarfin kamfanin. Abin da ke sa ƙaura tsada shi ne tarin ƙananan wurare irin na jerin nan, inda aka rubuta tambaya da karin harshen rumbu guda. Kowane wuri sai an nemo shi, an sake rubuta shi, an gwada.

A shekarun baya-bayan nan wata hanya ta ɓullo daga inda ba a zata ba. JSON wani salon rubuta bayanai ne da ya yaɗu a intanet, kuma da shi ana iya rubuta jeri gaba ɗaya a matsayin rubutu guda, a miƙa shi a gurbi ɗaya lami lafiya, rumbu ya warware shi ya koma layuka. Ma'aunin 2016 ya tanadi JSON_TABLE don wannan aiki. Oracle ya riga ya samar da shi tun 2014, MySQL a 2018, PostgreSQL sai a 2024. SQL Server yana yin aikin da OPENJSON, SQLite kuma da json_each. An matso kusa ke nan, amma sunayen ba su zama ɗaya ba tukuna.

Mu da ke rubuta Hausa a Nijar ba baƙin wannan hali ba ne. Tun taron Bamako na 1966 ake ƙoƙarin daidaita haruffan harsunanmu, amma har yau mu muna rubuta ƴaƴa da harafi mai lanƙwasa, ƴan'uwanmu na Najeriya suna sa alama gaban y. Mai karatu yana gane duka biyun ba wahala. Kwamfuta kuwa, in ka nemi ɗaya ba za ta kawo maka ɗayan ba sai an koya mata.

Abin da ya rage ga malamai da iyaye

Ba a neman malami ya zama mai rubuta manhaja. Amma ranar da makaranta ko ƙungiyar iyayen yara za ta sayi manhajar rajista, ko wata ƙungiyar agaji ta kawo ta kyauta, akwai tambayoyin da tarihin nan ya sa a bakinmu. A tambayi mai manhajar wane rumbu yake amfani da shi, kuma ko duk tambayoyinsa ta gurbi suke bi, har da masu ɗauke da jeri. A gwada ta a gabansa da sunan A'isha, da jeri wofi, da jerin makarantar gaba ɗaya. A sa a cikin yarjejeniya cewa makaranta na da ikon fitar da dukan bayananta cikin fayil mai sauƙi da kowace manhaja za ta iya buɗewa, kuma a fitar da shi a ƙarshen kowane zangon karatu a ajiye. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar da ke kula da ita, kuma rajistar yara na cikin abin da ya cancanci wannan kariya.

Ga malaman da ke koyar da kwamfuta a kolej da lise kuma, wannan ƴar matsala darasi ce cikakkiya. A ba ɗalibi jerin lambobi uku a ce ya miƙa wa rumbu ta gurbi, a bar shi ya ga ta ƙi, sannan a nuna masa dalili tun daga Codd. A cikin sa'a ɗaya zai koyi bambancin bayani da umarni, zai kuma gane cewa kalmar ma'auni a kan takardar talla ba ta wadatar ba sai an gwada. Yaron da ya koyi haka a aji, in Allah ya kai shi ga rubuta manhajar asibiti ko ta jarrabawa, ba zai liƙa sunayen ƴaƴan mutane cikin umarni ba.